Kowa Na Son Lamba 10, Wa Zai Tsare Gida?

Mu ƴan Gidigir muna da wata ɗabi'a a filin ƙwallo wadda ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana ita, amma kowa ya haddace ta. Da an idar da sallar La'asar, rana ta fara sassautawa, sai ka ga yara da samari suna ɓullowa ta kowace kusurwa, wani da takalmin roba, wani ƙafa a ƙasa. Manya biyu su fito gaba don rabon mutane. Ɗaya ya dunƙule tsakuwa a hannu ya kai baya, ɗaya ya canka, wanda ya dace shi ke fara ɗauka. Daga nan har a ƙare rabon, ba sai an yi maka duba ba, ka san yadda za ta kaya.

Wanda ake fara kira shi ne mai yanka, wanda in ya riƙe ƙwallo sai ya zubar da mutum uku a yashi kafin ya tuna yana da abokan wasa. Bayansa sai mai gudu, sai mai ƙarfin ƙafa, wanda in ya ɗirka ta sai an bi ta har bayan shinge. Mai balo kuwa ba a ma maganarsa, gurbinsa na nan ko bai iya komai ba, don in ya yi fushi ya ɗauki abarsa wasa ya tashi. Haka za a yi ta tsame mutane ɗaya bayan ɗaya har a bar biyu tsaye suna kallon ƙasa: ƙaramin da ya biyo yayansa, da wani mai jiki wanda gudu ke ba wuya. Sai kyaftin ya nuna ɗaya da leɓe, ko sunansa ba ya kira, ya ce, "Kai, shiga gola."

Ku dubi yaron nan da kyau. Yana tsaye tsakanin sanduna biyu da aka kafa, ko tsakanin tulin takalma, ba safar hannu, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake faɗuwa ko inda ake tsayawa in an zo bugun kwana. Bakin ragar ma ba a share ba. In ya yi tsalle ya faɗi sai ya tashi da ƙarangiya a riga da gwiwar hannu, ya tsaya yana tsincewa wasa na tafiya. In ya tare goma ba mai ce masa sannu. In ɗaya ta wuce, kowa ya juyo kansa lokaci guda: "Barci kake yi?" Wanda ya ɓarar da ƙwallon a tsakiyar fili har aka kawo harin, shi ne ma zai fi kowa ɗaga murya. Ran da yaron nan ya ƙara tsawo, ya samu wani ƙarami da zai tura wurin, sai ya fice daga raga a guje, kuma ba ya sake waiwayarta. Haka muke yi wa na bayanmu, haka na gabanmu suka yi mana.

Ranar kasuwa ka je wurin masu riguna ka ga abin da ke rataye: lamba 7, lamba 9, lamba 10, sunan Ronaldo, sunan Messi, sunan Mbappé. Da wuya ka ji yaro ya riƙe hannun babansa yana roƙon a saya masa lamba 1. A gidan kallo ma haka ne. In aka ci, ɗaki ya ɗauka da ihu, a yi ta kiran sunan wanda ya ci har bayan Isha'i, amma wanda ya ƙwace ƙwallon tun daga baya ya miƙa ta, ba mai tunawa da shi. Idonmu ya saba da bin inda ƙwallo take, ya manta da masu tsayuwa inda za ta zo.

Duk wannan wasa ne da dariya har sai babban hutu ya kama, an fara maganar gasar hutu, wadda muke cewa TGV. Nan ne kuɗi ke shigowa, nan kuma magana ke yin nauyi. Kowace unguwa ta yi karo-karo: ɗan kabu-kabu ya ba da abin da ya sawwaƙa, mai tebur ya ba da nasa, Alhajin unguwa ya cika. A sayi riguna, a ware na ruwa da na shiga gasa, abin da ya saura bai wuce kuɗin mota da na goron mutum ɗaya ba, wanda za a ɗauko daga Gure ko Damagaram ya ƙarfafa ƙungiya. Mutum ɗaya tak. To, wa za a ɗauko? Wannan tambaya ta sha sa shayi ya huce a fada ba a sha ba.

A kowace fada akwai masu ra'ayin kyaftin. Shi maganarsa gajera ce, a ɗauko wanda ya fi kowa iyawa. "Gwani gwani ne," in ji shi. "In ya shigo fili shi zai nema wa kansa wuri. Kun taɓa ganin inda aka ɗauki kofi ba a ci ba? Ci ake yi a yi murna." Da ma yana da wanda yake so a ransa, wani ɗan gaba da labarinsa ya iso gari kafin shi, wanda aka ce in ya juya da ƙwallo sai dai a bi shi da ido. Samari duk suna bayan kyaftin, don kowa na son ranar wasa a ce ga baƙon unguwar su wane, mata da yara su cika bakin fili.

Akwai kuma masu ra'ayin Kawu. Kusan kowace unguwa tana da irin wannan dattijo, wanda ya buga a zamaninsa, yanzu gwiwa ta hana, amma ba wasan da ke wuce shi. Shi ba ya ɗaga murya. Sai ya bari an gama hayaniya, ya kurɓi shayinsa, sannan ya dubi kyaftin.

"Ɗana, ƴan gaba nawa gare ku?"

"Huɗu ne, Kawu."

"In baƙon ya zo, wa za ka zaunar cikinsu?"

Shiru.

"To, gola fa, wa ke nan?"

A dubi juna, a ce ai za a duba cikin yara.

"Bara da me aka fitar da ku?"

"Kawu, ai bugun fenariti ne, sa'a ce kawai."

"Kafin a kai ga fenariti, ba ku ne ke gaba ba? Ta ina aka farke? Ɗana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu ci kuna da su har sun yi muku yawa, mai hanawa ne babu. Abin da babu a gida shi ake fita nema."

Malamin lakwal, wanda ke bin labaran wasanni a waya, shi ke faɗaɗa mana zancen. Ya ce wannan gardama tamu ita ce manyan attajirai ke yi a Amurka kowace shekara, da miliyoyin dalar Amurka a gabansu. Can suna da wata ƙwallo tasu daban, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita, ƴan wasa sanye da hular kwano saboda karo. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. Su ba sayen matasa suke yi kamar yadda ake yi a Turai ba. Tun 1936 suka tsara cewa kowace shekara a jera samarin da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka bi da bi, yanzu har zagaye 7, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, don kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi, mai rauni ya dawwama a ƙasa.

Tun da zaɓen na sahun farko ba ya zuwa sau biyu, sai suka zauna suka auna darajar kowane gurbi. Mai jefa ƙwallo, wanda kusan duk hari daga hannunsa yake tashi, shi suka ɗora a sama. A zaɓen 2024 mutum uku na farko duk masu jefawa ne, har shida cikin 12 na farko, amma mai gudu da ƙwallo ko ɗaya ba a ɗauka a zagayen farko ba. Ba don gwanayen gudu sun ƙare ba. Sun lura ne cewa mai gudu nagari ana samunsa ko a zagaye na uku ko na huɗu, kuma jikinsa na saurin gajiya saboda yawan karo, shi kuwa mai jefawa nagari yana da wuyar samu, in ka dace da shi ka huta shekaru masu yawa. Da New York Giants ta ɗauki Saquon Barkley, mai gudu, a matsayi na 2 a 2018, an yi ta ce-ce-ku-ce. Ba wanda ya musa gwanintarsa, amma a wannan zaɓen ne aka bar Josh Allen da Lamar Jackson, masu jefawa, wasu ƙungiyoyi suka ɗauke su suka gina kansu a kansu. Barkley ya yi shekara shida a New York ba kofi. Sai da ya koma Philadelphia Eagles, inda ya tarar kowane gurbi a cike, sannan ya ɗauki babban kofinsu a Fabrairun 2025.

Kawu na jin haka sai ya gyara zama ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ne."

Malam ya ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, da sauran magana." Sai ya kawo labarin ƙwallon kwando, wadda ita ma irin wannan zaɓe ake yi mata. A 1984 Houston ce ta fara, ta ɗauki Hakeem Olajuwon, dogon nan ɗan Legas. Portland ce ta biyu. Ga Michael Jordan nan ba a ɗauka ba, amma sai suka ce suna da Clyde Drexler mai buga irin gurbinsa, su dogo suke nema mai tsayuwa ƙarƙashin kwando. Suka ɗauki Sam Bowie. Chicago, wadda ke ta uku, ta ɗauki Jordan. Bowie ciwon ƙafa ya yi ta kwantar da shi, Jordan kuwa ya kawo wa Chicago kofi 6. Nan kyaftin ya miƙe tsaye: "Kun ji ko! Sun bi gurbi sun bar gwani, har gobe ana ba da labarinsu."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai a labarin akwai abin da ya tsallake. Ba mai zargin Houston, ko da yake ita ma ta bar Jordan, domin Olajuwon ya ba ta kofi a 1994 da 1995. Ita ta cike gurbin da take buƙata da mutumin da shi kansa gwani ne na gaske. Portland kuwa ta cike gurbi da wanda bai kama ƙafar wanda ta bari ba. Kuma Olajuwon ɗin nan, kafin ya san kwando, gola ne a wasan ƙwallon ƙafa na yara a Legas, ya sha faɗa da bakinsa cewa saurin ƙafar da ya gagari dogayen Amurka a raga ya samo shi.

Ni dai a ganina, daga nan ne maganar ke warwarewa. In mutum biyu suna kusa da juna a iyawa, ka ɗauki wanda gurbinsa ke da wuyar cikewa, ko da sunan ɗayan ya fi amo. In kuwa ɗaya ya yi wa ɗaya fintinkau, irin gwanin da ba a samu sai an jima, to ka ɗauke shi, ka dawo ka gyara sauran ƙungiya ta dace da shi. Kyaftin da Kawu kowa na riƙe da rabin gaskiya. Inda muke ɓata lissafi shi ne, kusan kullum muna ɗaukar baƙon ɗan gaba a matsayin wanda ba kamarsa, alhali in aka auna da kyau bai fi yaranmu huɗu da wani abin kirki ba. Tazarar da ke tsakaninsa da namu ɗan gaba taki ɗaya ce. Tazarar da ke tsakanin gola na gaske da yaron da muka tura raga don ba mu da yadda za mu yi da shi kuwa, daga nan har Gure ce. Kuɗin karo-karo can ya kamata su tafi, inda giɓin ya fi faɗi.

Masu kallon ƙwallon Turai cikinmu sun ga wannan da idonsu. A 2003 Real Madrid tana da Zidane, Figo, Ronaldo na Barazil, Raúl da Roberto Carlos, kuma ita ke riƙe da kofin Sifaniya. Sai ta ƙaro David Beckham daga Manchester United, ta bar Claude Makélélé ya tafi Chelsea, shi da ke tsaye gaban ƴan baya yana share duk ɓarnar da taurari suka bari. Shi ba ya yanka, ba ya ci, shi ya sa manyan ƙungiyar ba su ga abin riƙewa a wurinsa ba. Kaka uku a jere Madrid ba ta ɗauki kofin Sifaniya ba, ba ta ɗauki na zakarun Turai ba. Chelsea kuwa ta ɗauki kofin Ingila a 2005 da 2006, kuma a kakar farko ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38. Liverpool ma ta ɗanɗana. Tana da Salah da Mané da Firmino, amma a wasan ƙarshe na zakarun Turai a 2018 Madrid ta doke ta 3 da 1, biyu daga ciki kuskuren gola ne. Ba ta ƙaro ɗan gaba na huɗu mai tsada ba, sai ta sayo Alisson daga Roma ya haɗu da Van Dijk da ta riga ta kawo a baya. Shekara na zagayowa ta ɗauki kofin, a 2020 kuma ta ɗauki na Ingila bayan shekara 30 tana jira.

Amma me zai kai mu nesa, ga Mena tamu, ƙungiyar ƙasarmu Nijar? Duk wanda ya kai shekarun tunawa ya san ranar 10 ga Oktoba 2010, da Masar ta zo Yamai tana riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, muka doke ta 1 da nema a filin Janar Seyni Kountché. Ka tambayi kowa a fada wa ya ci, kafin ka rufe baki an ce Moussa Maazou, kuma ya cancanci yabon, shi da ya tashi daga ASFAN ya bi ta Beljiyam har CSKA ta Mosko. To, amma ƙwallo ɗaya ba ta zama nasara sai in an hana abokin karawa ci har a busa tashi. Wa ya tsare gida ranar? Daouda Kassaly da ƴan bayansa. Shi ne golan da ya kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka da Coton Sport ta Garwa a 2008, inda suka kara da Al Ahly. Da waɗannan maki uku na Masar, da na Saliyo da na Afirka ta Kudu da muka ci a gida, mai horarwa Harouna Doula ya kai mu gasar kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinmu.

A gasar 2013 a Afirka ta Kudu kuwa, mun ga fuska biyu na wannan gurbi cikin mako guda. A wasa da Mali mun riƙe su har kusan tashi, sai ƙwallo ta suɓuce wa Kassaly, Seydou Keita ya tura ta raga. Gari ya ɗauka da zargi, kamar yadda muka saba. Bayan ƴan kwanaki muka haɗu da Kwango ta Kinshasa, shi ɗin dai ya tsaya ya hana Mbokani da abokansa sakat, aka tashi ba ci. Wannan shi ne makin farko da Nijar ta taɓa samu a gasar, kuma hannun gola ne ya kawo shi. Haka a farkon 2023, a gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida a Aljeriya, Mena ta yi canjaras da Kwango ta Barazabil, ta ci Kamaru 1 da nema, ta ci Gana 2 da nema. Wasa uku, ƙwallo 3 kacal muka ci, amma ba a ci mu ko ɗaya ba, sai ga mu a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar da bayan ya buɗe a gaban Aljeriya, 5 muka sha. Tarihin ƙwallonmu kansa yana faɗa mana cewa duk ranar da muka yi abin kirki, gida ne aka tsare.

Kawu yakan ce kakanninmu sun riga Turawa sanin wannan, ga shi nan a langa. Kowane ɓangare yana da ruwa, wanda in ya kai masha an ci, amma ba mai hankalin da zai tara ruwa biyar ya shiga fage ba dawaki. Ruwa ɗaya ake so, mai wayo da zamiya, sauran su zama ƙarfafan da za su tare masa hanya su kuma kayar da ruwan abokan karawa. Kuma a langa ba a raina doki, kowa ya san da ƙarfinsa aka sha. A ƙwallo ne kaɗai muka mai da tsaron gida aikin wanda aka rasa yadda za a yi da shi.

Nan ne tushen matsalar yake, kuma ya fi maganar baƙon haya girma. Mun ce muna bin gwaninta, amma iri ɗaya muka sani, ta yanka da ci. Yaron da ke hango inda ƙwallo za ta faɗa tun kafin a buga ta, wannan baiwa ce. Wanda ba ya tsoron jefa jikinsa gaban ƙafar mai bugu, baiwa ce. Wanda ke tsaye a baya yana tsara ƴan uwansa da murya, "kai koma, kai riƙe wancan", wanda ba ya ruɗewa in an matsa, duk baiwa ce, kuma ta fi ta yanka wuyar samu. Muna da irin waɗannan yara a kowace unguwa. Sai dai da mun ga yaro na da ƙwazo sai mu tura shi gaba, shi ma in an ce ya tsaya baya sai ya ɗauka an rage masa daraja. Shekara ta zagayo, gasa ta zo, mu fara neman gola ido rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Samari sukan ce, ai duniya ma ɗan gaba take biya. Ba ƙarya suka yi ba. Neymar ya koma Paris a 2017 a kan euro miliyan 222, Kepa kuwa, da Chelsea ta saya a 2018 a kan miliyan 80, sai aka yi ta mamaki wai gola ne da wannan kuɗi. Tun da aka fara ba da kyautar Ballon d'Or, gola ɗaya ne ya taɓa samunta, Lev Yashin na Tarayyar Sobiyat a 1963. Amma mu dubi abin daga inda muke tsaye. Yaron Gidigir da ke mafarkin a gan shi a Gure, daga nan a kira shi Damagaram ya sa rigar ƙungiya irin su Espoir, har wata rana Yamai ta ji labarinsa, ta wace ƙofa zai fi saurin shiga? Ƙofar ƴan gaba cunkoso ne, kowane gari ya aiko nasa mai yanka. Ƙofar gola da ta ɗan baya mai natsuwa kuwa, masu horarwa ne ke tsaye a bakinta suna jira.

Kuma Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan gurbi. Thomas N'Kono na Kamaru ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1979 da 1982, yana gola. Badou Zaki na Maroko ya samu a 1986. Gianluigi Buffon na Italiya, wanda duniya ta sallama wa, ɗan tsakiya ne yana yaro, kallon N'Kono a gasar duniya ta 1990 ne ya sa ya koma raga, har ya sa wa ɗansa sunan Thomas. Édouard Mendy na Senegal ya yi kusan shekara guda ba ƙungiya, yana neman aikin da zai ci abinci, amma bai saki safar hannunsa ba. A 2021 ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea, a Fabrairun 2022 kuma ya tare fenariti a wasan ƙarshe da Masar, Senegal ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Waɗannan sunaye ya kamata yaranmu su riƙa ji a fada kamar yadda suke jin na masu ci.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗin gwamnati ko baƙo daga waje, a hannunmu yake. Cikin karo-karon bana a ware na safar hannu da rigar gola tun farko, kafin a sayi komai, kuma rigar ta zama mai kyau wadda yaro zai yi alfahari da ita. Samari su ɗauki tsintsiya da manjagara su share bakin raga, a kwashe ƙarangiya da tsakuwa, a zuba yashi mai laushi, don yaro ya koyi faɗuwa ba tare da tsoro ba. Masu shirya gasa, in za a ba wanda ya fi ci kyauta, a ba wanda ya fi tarewa irinta, a kira shi gaban jama'a da babbar murya. Irin su Kawu, waɗanda suka san aikin, kada su tsaya ga gardamar fada kaɗai, su sauko fili ko sau ɗaya a mako su riƙe yara biyu ko uku su nuna musu tsayuwa da kamu da fita tarar ƙwallon sama. Mu kuma ƴan kallo mu gyara bakinmu. In an ci yaro, a tambayi ta ina harin ya taso kafin a ɗora masa laifi, in ya tare kuma a tafa masa har uwarsa ta ji daga gida.

Sama da duka, kyaftin ya daina ɗaukar raga a matsayin wurin ajiye saura. Yaron da ya fi kowa ido da zuciya, a gwada shi can, a gaya masa a fili cewa don an yarda da shi ne aka ba shi gidan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka riƙe wannan damina uku ko huɗu, kowace unguwa za ta tashi da golanta da ƴan bayanta ƴan gida, waɗanda ba sai an biya musu kuɗin mota ba. A ranar ne kyaftin zai samu abin da yake so ba tare da Kawu ya hana ba, a ɗauko gwani duk inda yake, a sake shi ya yi abin da ya iya, tun da an san ko an ƙwace ƙwallo a ƙafarsa akwai masu tare ta a baya.